Ƙwanƙwasa Jiki da Yatsu Don Saukar da Fargaba: Ina Gaskiyar Take?

Daren da 'yar ƙanwata za ta wayi gari ta shiga jarrabawar gwaji a makarantar koyon aikin jinya, na shigo gida bayan sallar isha'i na tarar da ita zaune a kan tabarma a tsakar gida. Ta jingina wayarta da bokitin ruwa, tana bubbuga ƙasan idonta da yatsu biyu, bakinta na motsi a hankali. Daga nan ta koma ƙarƙashin hanci, ta sauko haɓa, ta gangara gindin wuya. Na tsaya ina kallo har ta kai tsakar ka, ta ja dogon numfashi ta sauke.

"Ke kuma lafiya?"

"Lafiya lau, Kawu. Gabana ne ke ta faɗuwa tun la'asar. Wata Baturiya na gani tana koyarwa, ta ce yana saukar da fargaba."

"To, ta sauka?"

"Da tana kan 8 cikin 10, yanzu ta dawo 4."

Sai ta ɗago ta yi mini tambayar da ta hana ni sakat na tsawon makonni: "Amma Kawu, mun karanta sassan jiki kaf, ban ga wata jijiya a ƙasan ido da ta haɗu da tsoro ba. To me ya sa na ji sauƙi?"

Tambayar nan ita ce uwar duk sauran tambayoyin da ake yi kan wannan abu da Turawa ke kira tapping, wato bubbuga wasu wurare na jiki da yatsu, wanda aka fi sani da haruffan EFT (Emotional Freedom Techniques, dabarun 'yantar da zuciya daga damuwa). Mutane da yawa suna jin sauƙi in sun yi, wannan ba ƙarya ba ne. Bayanin da waɗanda suka ƙirƙiro shi suka bayar kan dalilin sauƙin kuwa, ba shi da tushe a ilimin jikin ɗan Adam. Maganganu biyu ne daban, kuma duk wanda ya cakuɗa su zai faɗa ɗayan ramuka biyu: ko ya yi watsi da abin da zai iya taimaka masa, ko ya ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba.

Masu tallarsa sukan ce ya shekara dubbai. Abin da ya daɗe shi ne maganin gargajiyar Sinawa na tsira allurai a jiki, wanda aka rubuta ƙa'idojinsa fiye da shekara 2,000 da suka wuce. A fahimtar Sinawan da, akwai wani ƙarfi da suke kira chi da ke zagaya jiki ta manyan hanyoyi 12, in ya toshe a wani wuri sai ciwo ya taso. Ƙwanƙwasa da yatsu don magance tsoro kuwa ɗan jiya ne, kuma a Amurka aka haife shi. Wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Roger Callahan ne ya faro shi a wajen 1980 a jihar Kalifoniya. A labarin da shi da kansa ya bayar, yana da wata majinyaciya da ya kira Mary, wadda tun tana yarinya take mugun tsoron ruwa. Ya shafe fiye da shekara guda yana fama da ita ta hanyoyin da aka saba, ba wani ci gaba na a-zo-a-gani. Wata rana suna zaune kusa da tafkin wanka na gidansa, ta ce masa duk lokacin da ta tuna ruwa a cikinta take jin abin. Shi kuwa ya karanta cewa hanyar ciki a taswirar Sinawa daga ƙasan ido take farawa. Ya ce ta bubbuga wurin. Ta bubbuga, ta ce tsoron ya tafi, ta ruga bakin tafkin tana watsa ruwa a fuska.

A kan wannan labari na mace guda, daga bakin mutum guda, aka gina komai. Callahan ya raɗa wa hanyarsa suna Thought Field Therapy, TFT a taƙaice, ya tsara wa kowace matsala nata jerin wuraren bugawa: na tsoro daban, na fushi daban, na baƙin ciki daban, kuma a cewarsa in aka saɓa jerin ba za a ga aiki ba. Daga baya ya fito da wani mataki da ya ce yana gano jerin da ya dace da mutum ta hanyar nazarin muryarsa a waya. Kuɗin koyon wannan mataki dala 100,000 ne, kuma sai an yi alkawarin riƙe sirri.

Cikin almajiransa akwai Gary Craig, injiniya da ya yi karatu a jami'ar Stanford, ba likita ba, ba kuma masanin halayya ba. Shi ne ya ce tunda wuraren bugawar ba su da yawa, me zai hana a bi su duka a kowane lokaci, kowace irin matsala ce, kamar bakaniken da bai tsaya neman inda mota ta lalace ba ya sauya duk ƙananan kayan gaba ɗaya. A tsakiyar shekarun 1990 ya fito da EFT, ya saki littafin koyonsa kyauta a intanet, abin ya bazu kamar wutar daji. Shi ne nau'in da ake gani yau a YouTube da TikTok, shi ne kuma ya iso wayar 'yar ƙanwata.

Yadda ake yin sa ba wuya. Mutum zai ware abu guda da ke damunsa, takamaimai. Ba "rayuwa ta yi mini zafi" ba, a'a, "gabana na faɗuwa in na tuna malamar da za ta tsaya a kaina gobe". Sai ya auna zafin abin a ransa daga 0 zuwa 10. Sai ya riƙa bubbuga gefen tafin hannunsa, ƙasa da ƙaramin yatsa, yana maimaita wata jimla sau 3, wadda ma'anarta ita ce: duk da ina da wannan matsala, na karɓi kaina yadda nake. Daga nan ya bi wuraren ɗaya bayan ɗaya, kowanne bugu kamar 5 zuwa 7: farkon gira ta wajen hanci, gefen ido, ƙasan ido, tsakanin hanci da leɓe, ramin haɓa, ƙarƙashin ƙashin da ke kwance a gindin wuya, ƙasa da hammata da kamar faɗin tafin hannu, sai tsakar ka. A kowane wuri yana ambaton matsalar a taƙaice. In ya gama ya sake aunawa, in da saura ya sake zagayawa. Zagaye ɗaya bai fi minti biyu ba.

To, shin da gaske akwai waɗannan hanyoyi a jiki? Likitoci sun daɗe suna feɗe jikin ɗan Adam, sun bi jijiyoyin jini da na saƙo har zuwa mafi ƙanƙanta da madubin ƙara girma ke iya nunawa, ba a ga hanyoyin chi ba, ba a kuma samu na'urar da ta auna shi ba. Craig ya kafa koyarwarsa a kan magana guda, cewa duk wani mummunan yanayi na zuciya toshewar ƙarfin jiki ne ke kawo shi. Wannan magana da'awa ce kawai. Uwar da ta rasa ɗanta, baƙin cikinta rashin ɗan ne ya kawo shi.

Amma rashin ingancin bayani bai isa ya kashe magani ba. An daɗe ana shan ɓawon wata bishiya don zazzaɓin cizon sauro kafin a san sauro ne ke kawo shi. Don haka abin da ya dace a tambaya shi ne: in aka gwada, me ake gani?

Gwajin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda wasu masu bincike biyu, Wendy Waite da Mark Holder, suka yi a Kanada, aka buga a 2003. Sun tara ɗaliban jami'a 119 masu tsoron wani abu, suka kasa su gida 4. Kashi na farko suka bubbuga wuraren EFT na ainihi. Na biyu suka bubbuga wasu wurare a hannu da ba sa cikin tsarin. Na uku ko jikinsu ba su taɓa ba, 'yar tsana aka ba su suka bubbuga. Na huɗu ba su yi bugu ba sam, wani ɗan abin wasa suka haɗa da takarda. Kashi ukun da suka yi bugu duk tsoronsu ya ragu, kuma kusan daidai wa daida. Na huɗun ne kawai bai motsa ba. Wato wanda ya bugi 'yar tsana ya samu abin da wanda ya bugi ƙasan idonsa ya samu.

Magoya bayan EFT sun mayar da martani cewa ai a kan yatsu ma akwai wuraren chi, don haka mai bugun 'yar tsana yana motsa nasa ne ba tare da ya sani ba. Wannan amsa ta fi cutar da su fiye da taimakonsu. In ko'ina aka buga daidai ne, to me ya rage na taswirar? Kuma maganar da babu wani gwaji da zai iya ƙaryata ta, ta fita daga fagen kimiyya.

Akwai kuma Monica Pignotti, wadda ta kasance cikin na hannun daman Callahan, ta koyi matakin nan na murya mai tsada. Zuciyarta ta fara raya mata shakka, sai ta yi abin da ya kamata: ta raba mutum 66 gida biyu, wasu ta ba su jerin da nazarin murya ya fitar, wasu ta ba su jerin da aka haɗa da ka. Ba wanda ya san kashin da yake ciki. Sakamakon da ta buga a 2005 ya nuna babu bambanci, kashi 97 cikin 100 na kowane ɓangare sun ce damuwarsu ta gushe. Ta bar harkar, ta koma cikin masu sukarta. Ina ganin girman wannan mata, don ba ƙaramin abu ba ne mutum ya gwada abin da ya zuba wa dukiya da shekaru, ya kuma fito ya faɗi abin da ya gani.

Adalci ne a kawo hujjojin ɗaya ɓangaren, don suna da su. A 2012 Dawson Church da abokan aikinsa sun auna sinadarin kotizol, wanda ke hauhawa a jiki lokacin matsi, a yawun mutum 83. Waɗanda aka yi wa awa guda na EFT nasu ya sauka da kusan kashi 24 cikin 100, waɗanda aka zauna aka saurare su kawai da waɗanda suka huta kuwa ya sauka da kusan kashi 14. A 2016 Morgan Clond ta tattara gwaje-gwaje 14 da suka ƙunshi mutum 658, ta ga raguwar fargaba mai yawa a wajen waɗanda suka yi EFT. A Sikotilan, a 2011, an kwatanta shi da EMDR, wata hanyar da asibitoci suka yarda da ita wajen magance firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, a kan mutum 46, duka biyun suka nuna sauƙi makamancin juna, ko da yake da yawa sun bar gwajin kafin a ƙare. An kuma gwada TFT a Ruwanda a kan waɗanda suka tsira daga kisan ƙare dangi na 1994, aka ba da rahoton samun sauƙi.

Duk da haka akwai abubuwan da ke rage wa waɗannan alƙaluma nauyi. Yawancin gwaje-gwajen ƙanana ne. Da dama daga cikinsu masu koyar da EFT ne suka yi su, mutanen da abincinsu ke ciki. Sau da yawa kuma ana kwatanta shi ne da zaman jira, wato da waɗanda ba a yi musu komai ba, kuma kusan duk abin da ka yi wa mai damuwa cikin kulawa zai fi barinsa haka nan. Ita kanta Clond ta rubuta cewa bayanan da suka kwatanta EFT da ingantacciyar hanyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda ake kira CBT, sun yi kaɗan. Da Church da abokansa suka fitar da wani nazari a 2018 suna cewa sun tabbatar wuraren bugawar ne ke aiki, Glen Spielmans da wasu masana biyu sun bi lissafin a 2020 suka nuna kurakurai a cikinsa. Hukumar NICE, mai tsara wa asibitocin Ingila ƙa'idojin magani, da ta sabunta jagorarta kan firgicin bayan tashin hankali a 2018, CBT da EMDR ta ce a yi amfani da su. EFT kuwa ta sa shi a layin abubuwan da ke buƙatar ƙarin bincike. Ba ta kore shi ba, ba ta kuma ba shi kujera ba.

Yanzu mu koma ga tambayar yarinyar nan. In ba hanyoyin chi ba ne, me ya sauko da ita daga 8 zuwa 4?

In ka cire bugun ka dubi abin da ya rage, za ka ga kayan da masana suka daɗe da sanin amfaninsu. Na farko, fuskantar abin tsoro. Ɗabi'ar mai fargaba ita ce gudu: ba ya son tunawa, ba ya son a ambata, kuma gudun ne ke ciyar da tsoron har ya yi ƙiba. EFT yana tilasta maka ka kira abin da sunansa, ka maimaita shi sau da yawa, alhali kana zaune lafiya ba abin da ya same ka. A hankali ƙwaƙwalwa ke koyon cewa tunawa da abu ba shi ne aukuwarsa ba. Wani likitan ƙwaƙwalwa haifaffen Afirka ta Kudu, Joseph Wolpe, ya gina magani sukutum a kan wannan tun shekarun 1950, kuma ma'aunin nan na auna zafin damuwa da lamba daga wajensa aka aro shi. Sai jimlar karɓar kai, wadda ke sassauta zargin da mutum ke yi wa kansa, irin su "ni rago ne" ko "ni kaɗai ce haka". Sai numfashi, wanda ke daidaita da kansa in mutum ya zauna yana magana a hankali. Sai taɓa jiki a jere, bugu bayan bugu. Kowace uwa ta san wannan ba tare da an koya mata ba: jariri na tsala kuka, ta saɓa shi a kafaɗa tana jijjiga shi tana bubbuga bayansa, sai ka ji ya yi ajiyar zuciya. Ba ta neman wata jijiya ta musamman a bayan nasa. Sai kuma sa rai. Wanda ya yarda abu zai taimake shi, jikinsa kan ba da haɗin kai, musamman a abin da ya shafi tsoro da zafin ciwo. A ƙarshe akwai lokaci: fargaba kamar hadari take, tana haɗuwa, ta yi duhu, ta watse. Mutum yakan nemi magani ne sa'ad da abin ya kai ƙololuwa, daga nan kuwa ko ba a yi komai ba gangarowa zai yi.

Akwai wani abu da nake ganin mu ya fi shafa, game da ma'aunin nan na 0 zuwa 10. Gaskiya ne mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ba wanda zai auna maka damuwarka in ba kai ba. Amma ka je dubiya asibiti ka tarar da mutum ko ɗaga kai ba ya iya yi, ka ce masa "ya jiki?", me zai ce? "Da sauƙi." Haka aka tarbiyyantar da mu, kuma tarbiyya ce mai kyau. Sai dai ka ɗauki wannan kara da kunya ka kai su gaban mai magani da ya ɓata rabin awa a kanka, yana murmushi yana tambayar "yanzu nawa ya koma?" Mutum nawa ne za su iya kallon idonsa su ce har yanzu 8 ne? Masana sun san wannan matsala a ko'ina cikin duniya, shi ya sa ba sa gamsuwa da lambar da aka faɗa nan take. Abin da suke so su gani shi ne bayan wata 3 ko 6: mai tsoron allura ya je an yi masa? Mai tsoron hawa mota ya hau? Wadda ba ta barci tana yi yanzu? Duk mai son gwada EFT a kansa, da wannan sikeli ya kamata ya auna.

Wata tambayar da ba ta rasa tasowa a tsakaninmu ita ce ta addini. Wasu na jin an ambaci "ƙarfi mai zagaya jiki" sai su ja da baya, kuma suna da dalili, don tunanin chi ya fito ne daga falsafar Sinawan da, wasu masu koyarwar kuma suna cakuɗa shi da maganganun "aika buƙata ga sararin duniya" da makamantansu, waɗanda mai imani da Allah ba zai furta ba. Wasu kuma, don su sayar da shi, sai su ce ai daidai yake da abin da ya zo a sunna. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) yakan tofa a tafukansa ya karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ya shafe jikinsa in zai kwanta, ya kuma koya wa Usman ɗan Abil As ya ɗora hannu a inda ke masa ciwo ya yi Bismillah sau 3 ya nemi tsari sau 7. Amma wannan addu'a ce, neman waraka ne daga Allah, ba ta da alaƙa da taswirar jiki ta Sinawa, kuma bai dace a jingina wa sunna abin da wani injiniya ya tsara a Kalifoniya ba. Hukunci na malamai ne, a kai musu bayanin yadda abin yake ba ƙari ba ragi. Abin da bincike ya ƙara a nan shi ne, tunda sauƙin bai rataya ga yarda da chi ba, ba wanda aka tilasta wa ɗaukar aƙidar kafin ya zauna ya natsu ya ambaci damuwarsa.

Shin yana da illa? Bugun kansa, in an yi a hankali, ba ya cutarwa, sai dai a kauce wa rauni ko kumburi ko wurin da aka yi aiki, a kuma kiyaye ƙwayar ido. Haɗarin yana wani wuri daban, kuma shi ne dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Taken da Craig ya yaɗa shi ne a gwada shi a kan komai. Daga nan ƙofa ta buɗe: za ka ga bidiyon da ke cewa yana maganin ciwon suga, hawan jini, rashin haihuwa, ciwon daji, har da talauci. Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Babu wata hujja da ta nuna bugun yatsa na narkar da ƙari, ko kashe ƙwayar cuta, ko maye gurbin allurar insulin. Wani maƙwabcina dattijo, mai hawan jini, ɗansa ya nuna masa irin wannan bidiyo. Dama ya gaji da haɗiyar ƙwaya kullum, ga tsada. Ya fara bugawa safe da yamma, ya ji jikinsa wasai, ya ajiye magani ba tare da ya gaya wa kowa ba. Sai da matarsa ta ga kwalin bai motsa ba ta sa aka kai shi awo. Ina tsaye a wurin lokacin da ma'aikacin ya sake ɗaura masa abin awon a hannu karo na biyu, don bai yarda da abin da ya gani da farko ba. "Baba, yaushe rabonka da magani?" Dattijon ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai ni lafiya nake ji, ɗana." Kuma gaskiya ya faɗa. Hawan jini ba ya sallama, mutum na jin garau har ranar da ɓarin jiki zai shanye. Allah ya taƙaita, ya koma kan maganinsa. Ban ga laifinsa ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Laifin na wanda ya miƙa takobin ne.

Ko a fagen fargabar ma akwai tarko. Bugun zuciya, rawar jiki, gumi da jiri ba kullum ne damuwa ke kawo su ba. Ƙarancin jini na kawo su, haka matsalar maƙoƙo, haka faɗuwar suga, haka ciwon zuciya na ainihi. Wanda ya shekara yana bubbuga fuska saboda faɗuwar gaba, alhali gwajin jini ɗaya zai nuna inda gizo ke saƙa, an cuce shi. Haka wanda likita ya ɗora a kan maganin ƙwaƙwalwa: tsayar da irin waɗannan magunguna farat ɗaya na iya dawo da ciwon da ƙarfinsa.

Sai waɗanda suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba: wanda aka sace aka tsare a daji, wadda aka yi wa fyaɗe, wanda aka kashe nasa a gabansa. Su ne suka fi buƙatar taimako, su ne kuma bai kamata su zauna su kaɗai da waya suna tono abin ba. Fuskantar tunani mai zafi magani ne in akwai ƙwararre da ke riƙe da linzamin, yana sanin inda za a tsaya. In babu, mutum na iya ɓalle miki ya rasa mai ɗinke shi, ya koma mafarkai da firgita fiye da da. Wanda ya kai ga tunanin kashe kansa, ko yake jin muryoyi, ko ya daina ci da barci na kwanaki, wurinsa asibiti ne a ranar, ba gobe ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, akwai kuma sashen a manyan asibitocin koyarwa. Na san likitocin ba su wadata ba, 'yan ɗaruruwa ne ga ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200. Wannan gibi ne ke sa duk abin da ya zo kyauta ta waya ya samu kasuwa, kuma ba a Najeriya kaɗai ba: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba a 2019, kuma kusan 1 cikin 4 ne kawai ke samun magani.

Game da kuɗi, a sani cewa takardar shaidar EFT ba lasisin likita ba ce. Ƙungiyoyi masu zaman kansu ne ke bayarwa, wani lokaci bayan horo na 'yan kwanaki. Dukan tsarin ana iya koyonsa a zama ɗaya, kyauta. Wanda ya ce yana da wani jeri na sirri da sai an biya, a tuna da gwajin Pignotti. Wanda ya ce a ajiye maganin asibiti, a tashi a bar masa wurin. Wanda kuma in ba a samu sauƙi ba ya ce laifin majinyaci ne, wai bai yarda sosai ba ko yana da wata toshewa a ransa, ya ƙara wa mai ciwo kaya ne a kan kaya.

'Yar ƙanwata ta ci jarrabawarta, don dama ta yi karatu. Yanzu tana zagayen koyon aiki a ɗakin yara. Kwanaki ta zo gaishe ni, na ba ta labarin 'yar tsanar Kanada, ta yi shiru tana jujjuya kofin shayi a hannu.

"Kenan in daina, Kawu?"

Na ce ban ga dalili ba, tunda tana jin daɗinsa, ba ya cin kuɗinta, ba kuma ta ajiye wani magani dominsa ba. Ta ce har yanzu takan yi zagaye ɗaya a bayan ƙofa kafin ta shiga neman jijiyar jariri, hannunta ya fi tsayawa. Sai ta ce akwai wata uwa a ɗakin, ɗanta na fama da sikila, kwana uku ba ta runtsa ba, tana so ta koya mata.

"Me za ki ce mata?"

"Zan ce mata abu ne na kwantar da hankali, nata ne ba na yaron ba. Kuma zan gaya wa sista tukuna, don ina ganin matar nan tana buƙatar ganin likita ita ma."